Giwan ruwa a ƙarshen damina, da kifin tabkin Mishigan

Duk mai cin kifin Rima ya san Agusta ba watan araha ba ne. Ruwa ya cika ya batse, ya haura gaɓa ya malale cikin fadama, kifi ya watse cikin ciyawa da gonakin shinkafa, masunci ya yi ta jefa birgi har kafaɗa ta gaji bai ga abin kirki ba. Ka je Kwalkwalawa da yamma ka tarar da 'yan tarwaɗa da ƙurungu a faranti, in aka faɗa maka kuɗinsu sai ka ja numfashi. Sai ruwa ya fara ja da baya, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sannan kasuwa ke buɗewa. Wannan tsakanin, daga marka zuwa kaka, shi na fi so a duk shekara, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Ni malamin makaranta ne a cikin garin Sakkwato, amma mahaifiyata 'yar Sarkawa ce. Danginta suna wani ƙauye a gefen madatsar ruwa ta Goronyo, kuma kawuna, wanda take bi, har yau da kwalekwalensa yake ci da iyali. Dogon hutu yakan faɗo daidai lokacin cikar ruwa, don haka ina samun zama a wurinsa, in an koma makaranta kuma sai in riƙa bin motar Achida ranar Asabar. Ba sana'ata ba ce, amma na iya ɗaura ƙugiya, na iya riƙe filafili, kuma na san warin banda tun ban san karatu ba.

Bana wani abu ya ƙaru. Ƙanena da ke karatu a jihar Mishigan ta Amurka ya yi abokai masu fita kamun kifi, sai ya riƙa turo mini bidiyo ta WhatsApp. Tun duhun asuba suke tashi cikin jirgi mai inji, kowa da rigar sanyi, duk da cewa a wurinsu ma Agusta lokacin zafi ne. Ruwan ba a ganin ƙarshensa. Tabkin Mishigan ya kai murabba'in kilomita 58,000, wato ya ninka jihar Sakkwato biyu har da ɗoriya, kuma akwai inda zurfinsa ya kai mita 281. Ruwan daɗi ne, babu gishiri, amma igiyarsa sai ka rantse teku ce.

Kifin da suke nema shi ne salmon, musamman babban da ake kira Chinook. Kifi ne mai son sanyi. Idan zafi ya dumama saman tabki sai ya sauka ƙasa ya zauna inda ruwan ɗumi ya haɗu da na sanyi, wajen digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci mita 20 ko 30 daga sama. Shi ya sa a bayan jirgin nasu akwai wata na'ura mai waya da ƙatuwar darma, ita ke nutsar da zaren fatsa zuwa daidai zurfin da ake so. Jirgi na tafiya a hankali, wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli na rawa a cikin ruwa, kifi ya zaci abinci ne ya kai cafka, zare ya fizge daga jikin darmar, sanda ta miƙe, sai ka ji ihu. A wani bidiyon na ga ƙanen nawa ya daɗe yana ja, hannunsa na karkarwa, kafin su sa koma su ɗauko kifin. Mafi girma da aka taɓa kamawa a jihar ya kusa kilo 22, a Agustan 2021, kusa da garin Ludington.

Abin da ya fi kama ni shi ne abin da ke faruwa da kifin nan in Agusta ta kusa ƙarewa. Waɗanda suka kai shekara 3 ko 4 sai su baro tsakiyar tabki su taru a bakin koguna. Jikinsu da yake fari tas ya fara duhu, muƙamuƙin namiji ya lanƙwashe, cin abinci ya tsaya. In sun kai wa ƙugiya cizo a lokacin, haushi ne ba yunwa ba. Cikin Satumba da Oktoba su haura kogin da aka haife su ko aka sake su suna ƙanana, da ƙanshin ruwan suke gane shi. Macen ta share tsakuwa da wutsiya ta yi gurbi ta zuba ƙwai, namiji ya bi, daga nan dukansu su mutu. Babu wanda ke komawa.

Na nuna wa Kawu wannan a waya, muna zaune yana ɗinkin raga. Ya karɓa ya matso da ita kusa da ido, ya kalla har ƙarshe, ya ce in maido mishi baya. Sannan ya ce, “Ashe shi ma gida yaka nema. Namu ma haka na, ɗana. Tarwaɗa ruwan hwarko taka bi ta hau tudu ta zuba ƙwai. Sai dai ita ba ta mutuwa, mu ka kashe ta bisa hanya.”

Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya tashi a bakin fadama ya san daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, tarwaɗa ta fito cikin ciyawa inda ruwan bai wuce idon sawu ba, yara da manya suka fita da tocila da sanda da adda. Cikin kowace mace cike da ƙwai. A wannan dare ɗaya ake cinye kifin baɗi, kuma ana murna.

Na ce, “Kawu, ka san kifin nan ba ɗan asalin tabkin ba ne? Kawo shi aka yi.” Ya ajiye allura.

Labarin kuwa shi ne, asalin manyan kifayen tabkin Mishigan da manyan tabkunan da ke haɗe da shi sun kusa ƙarewa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Yawan kamu ya ci su, sannan wata halitta mai tsotsar jini da ake kira lamprey ta shigo ta hanyar jiragen ruwa da aka haƙa, mashigin Welland, tana manne wa kifi har ya mutu. Da manya suka ƙare sai wani ƙaramin kifi, alewife, wanda shi ma baƙo ne, ya cika tabkin ba mai cinsa. A 1967 ya mutu da yawan da sai da aka sa motocin ture ƙasa suna kwashe gawarsa daga gaɓar Shikago. Tun kafin wannan, shugaban sashen kifi na jihar Mishigan, Howard Tanner, ya kawo shawarar a ɗauko salmon daga yankin tekun Fasifik a zuba, ya cinye ƙaramin kifin, mutane kuma su samu abin kamawa. A 1966 aka saki nau'in coho a kogin Platte, a 1967 aka kawo Chinook. Kakar 1967 kifin ya dawo da girman da ba wanda ya zata, mutane suka yi tururuwa da ƙananan jirage, har iska ta taso ranar 23 ga Satumba ta kife da su da yawa, aƙalla mutum 7 suka rasu.

Wannan na ƙarshe bai ba Kawu mamaki ba. Hadarin ƙarshen damina mun san shi. Gabas ta yi baƙi, iska ta riga ruwa isowa, tabkin da yake kwance ya tashi tsaye kafin ka naɗe raga. Kawu ba ya wuce inda zai iya kai gaɓa da filafili in ya ga gabas ta canza, kuma tun jirgin da ya kife da masu zuwa kasuwa a Goronyo cikin Agustan 2025 ba na shiga ruwa sai da rigar kariya. Na sayo mishi tasa. Yakan sa ta in ina nan.

Ba girman kifinsu ne ya tsaya mini a rai ba, don giwan ruwanmu ya fi shi nesa ba kusa ba. Lissafin ne. Mutanen nan suna ƙirga kifinsu. Duk kaka ma'aikata na tare wasu koguna su ɗebi ƙwai su kai gidan ƙyanƙyasa. Ƙananan da za a saka ana yanke musu wani ɗan fiffike na baya don a gane na gida da na daji. Ana auna yawan ƙaramin kifin da salmon ke ci, in ya ragu a rage yawan salmon ɗin da ake zubawa. Sun ga abin da ya faru a tabkin Huron da ke maƙwabtaka da su wajen 2003 da 2004, inda abincin ya ƙare kifin ya bi shi, shi ya sa a 2013 suka rage zubin Chinook a tabkin Mishigan da kusan rabi. Masu jiragen haya sun yi ƙorafi, amma an yi.

Haka abin yake ga ɗan ƙaramin kifin da suke kira perch, rawaya mai baƙin zane a haƙarƙari, wanda da wuya ya wuce tsawon santimita 30. Shi a tabkin Eri ya fi yawa, tabkin da ya fi sauran rashin zurfi. Da kaka yakan taru garke-garke a ƙasan ruwa, sai a kafa anga a sa ɗan kifi a ƙugiya a sauke har ƙasa, a ɗago kaɗan, a jira. Kamun iyali ne, tsofaffi da jikoki, a soya da yamma. Amma ko shi akwai adadin da mutum ɗaya zai ɗauka a rana, in ka cika ka naɗe zarenka. Kowace shekara wakilan lardin Ontariyo na Kanada da jihohin Amurka huɗu da ke gaɓar tabkin sukan zauna su yanke yawan da za a kama gaba ɗaya, su raba. A kudancin tabkin Mishigan, da kifin ya ragu a shekarun 1990, rufe kamunsa na kasuwanci aka yi.

Mu kuwa Allah ya ba mu giwan ruwa ba tare da mun ɗauko shi daga ko'ina ba. Ɗan gida ne a Neja da Rima da tabkin Chadi da kogin Nilu. Yana iya kai tsawon mita 2, nauyinsa ya doshi kilo 200, ko da yake irin waɗannan sai a labari yanzu. Wanda ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne.

Bari in faɗi yadda Kawu ke kama shi, don abin kallo ne. Sai ruwa ya fara washewa, cikin Oktoba, laka ta kwanta. Giwa da ido take farauta, kuma tana son wuri mai zurfi mai abin fakewa, irin tsohuwar hanyar kogi da dam ya haɗiye, ko gindin itatuwan da ruwa ya shanye. Tun jiya zai tanadi ƙananan karfasa masu rai a cikin gura. Da asuba ya soke ɗaya a baya, ƙasa da ƙaya kaɗan don kada ta mutu, ya sake ta da zare mai kauri, ɗaya bakin zaren a ɗaure jikin gora. Daga nan shiru. Ba a buga filafili a jikin jirgi, ba a magana da ƙarfi. In giwa ta zo ba ta ɗanɗanawa, haɗiya take yi gaba ɗaya, sai ka ga zare na gudu tsakanin yatsunsa. Ba ya taɓa naɗa zaren a hannu, kuma wannan ne abu na farko da ya koya mini, don akwai masunta masu guntun yatsa saboda haka. In ta yi ƙarfi ya jefa gorar cikin ruwa ya bar ta ta ja, mu bi a hankali. Can sai ta fasa ruwa ta yi sama, baki buɗe, tana girgiza kai, marfin kunnenta mai kaifi yana neman zaren ya yanke. Nan ake rasa yawancinsu. Wadda ta gaji takan kwanta a gefe kusa da jirgi, jiki fari kamar an goge shi, idon nan yana wani haske rawaya ko da rana ba ta fito ba. Kawu ya yi bisimilla ya sa ƙugiyar hannu ya jawo.

Naman fari ne, ƙaya kaɗan, shi ya sa masu gidajen abinci a Sakkwato ke rububinsa. Ko a ƙauyen ba a cin babba, sayarwa ake yi.

To amma sau nawa ake ganin babban? Abin da nake gani a bakin ruwa da kaka shi ne kwanduna cike da 'ya'yan giwa da ba su wuce tafin hannu ba, an haɗa su da kawara da ƙananan karfasa ana sayarwa a kwano. Waɗannan su ne aka haifa cikin damina, suka girma a ciyawar gefe, ruwa na janyewa suna neman komawa zurfi aka tare su. Da me? Da raga mai ƙaramin ido, da taru, da gidan sauron da aka raba don zazzaɓi. Gidan sauro ba ya barin komai, har ƙwai yana kwashewa. Akwai kuma masu zuba gamalin, maganin ƙwari mai guba, a ƙananan tabkuna in ruwa ya tsinke, su kwashe abin da ya taso su kai kasuwa, mutane su ci. Wannan kam ba talauci ba ne, mugunta ce.

Giwa ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 3, kuma manyan cikinsu galibi mata ne, mace ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi. Saboda haka ta gefe biyu muke cin ta: muna kwashe ƙananan kafin su balaga, muna kuma farautar iyayen. A tabkin Biktoriya ƙasashen Uganda da Kenya da Tanzaniya sun sa ƙa'idar cewa giwan da za a kama ya kasance tsakanin santimita 50 da 85, ƙarami a bar shi ya girma, babba a bar shi ya haihu. Kuma can giwan ruwa baƙo ne, a shekarun 1950 aka zuba shi, ya cinye ɗaruruwan nau'in ƙananan kifayen tabkin. Na kawo wannan ne don kada wani ya karanta labarin Mishigan ya ce mu ma a ɗauko mana kifi daga waje. Ba mu rasa iri ba.

Doka ma ba mu rasa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, sai ga wasu ƙananan nau'o'i da aka keɓe. A tabkin Kainji an haramta dala, wato ragar da ake ja zuwa gaɓa, tun shekarun 1990. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa tana nan New Bussa. Kafin duk wannan ma kakanninmu suna da nasu tsarin. Ruwan Matan Fada a Argungu rufe yake, ba mai taɓa shi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma wannan rufewar ce ta sa ake samun kifin da duniya ke zuwa kallo tun 1934. Kawu ya ce a ƙuruciyarsa kowane gari na da gurbin da ba a shiga sai rani ya yi nisa, wanda ya saci shiga a ƙwace homarsa a gaban jama'a.

Madatsun ruwan su ma sun canza lissafi. Bakolori da aka gama a 1978 da Goronyo da aka gama a 1984 sun riƙe ruwan da a da yake malala fadama kowace shekara a kan lokaci. Yanzu wata shekara ruwan bai isa inda kifi ke ƙwai ba, wata shekara kuma a sake shi gaba ɗaya, kamar a Satumban 2010 da ya cinye garuruwa ya yanke hanyar jami'ar Usmanu Danfodiyo. Goronyo an gina ta ne ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942, amma yashi da laka suna ta cike ta. Masu buɗe ƙofar dam suna tunanin noman rani da ruwan famfo, kuma suna da hujja, sai dai ban taɓa jin an kira masunci an tambaye shi wane mako kifi ke hawa ba.

Ba na son in ɗora wa yaron da ke jan gidan sauro dukan laifi. Na san gidajensu. Gero bai nuna ba, rumbu ya ƙare tun Yuli, akwai bashin dillalin da ya ba shi kuɗin raga kuma shi zai yanka farashi. Ka ce masa ya bar kifin ya girma, zai tambaye ka abin da za a ci yau, kuma ya san in ya bari na bayansa ba zai bari ba. Mutumin Mishigan da ke sakin kifi nishaɗi ya kai shi ruwa, abincinsa na gida. Wannan bambanci ne babba, kuma duk mai kawo shawarar rufe ruwa wata biyu dole ya faɗi abin da masunta za su ci a watannin. Amma mu masu saye a birni ba mu da wannan uzuri. Ni na daina sayen 'ya'yan giwa, ko an soya ko an banda, kuma nakan faɗa wa mai sayarwa dalili ba tare da faɗa ba.

Kawu ya yi wani abu da ban roƙe shi ba. Ya sa wuƙa ya yi tsaga biyu a gefen kwalekwalensa, tsakaninsu kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Giwan da ya kama da ƙugiya in bai cika tsakanin ba, ya zare ƙugiyar a hankali ya mayar. Na raga kuwa yawanci kafin a ɗago ya mutu, don haka maganar ta koma kan idon raga. Samari suna yi mishi dariya, suna cewa tsoho na kiwon kifi wa mutanen ƙetare. An ce bayan an gama girbi Sarkin Ruwa zai tara masuntan yankin a kan batun gidan sauro da taru, kuma abin da kowa ke tambaya shi ne wa zai biya kuɗin sabuwar raga.

Na ce, “Kawu, kai me za ka faɗa in an taru?”

Ya ce, “Ni ma ina da guda mai ƙaramin ido, tana nan cikin ɗaki. In anka ce kowa ya kawo tashi a ƙone, ni ka hwara kawowa. Amma sai in da mutanen ƙetare a ciki, su da masu zuwa da dare.”